Hutun Rabin Fim a Silimar Heit

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo da "Rinske ina ci gaba, Rinske kin bar mu a tsaye," na ji, ku sassauta min. Ni kaɗai ke sayar da tikiti, ni ke share zaure, ni ke wanke kofuna, sannan in zauna in rubuto muku tonon asirin gidanmu. Ke kuma da kika rubuto cewa ni ce muguwar labarin, karanta na yau, ƙila ki ƙara samun hujja.

Mun tsaya ne a Asabar ɗin nan da rana, ranar da silimar da Heit, mahaifinmu marigayi, ya gina ta cika shekara hamsin. Autarmu Marrit ta taso daga Amsterdam da fim ɗin da ta haɗa daga tsofaffin faifansa. Rabin farko ya ƙare a kan wata yarinya mai kitso biyu tana hure kyandir shida a wani gida da ba wanda ya sani, sai muryar Marrit ta ce: "Wace ce wannan da Heit ke zuwa wurinta duk tara ga Mayu?"

Nan na haska allon hutu, na kunna fitilun zaure.

Ta ƙaramar tagar ɗakin na'ura ina hango mutum ɗari da arba'in, ba wanda ya motsa. A silimarmu fa, inda ana haska hutu ake turereniya zuwa layin kofi da kek! Yau kowa ya manne a kujera yana miƙa wuya zuwa layin gaba, inda Mem, mahaifiyarmu, ke zaune da jakarta a cinya.

Ban kai ga zama ba na ji takun Douwe a matakala. Ƙanena ne, mai kiwon shanun madara, dattijo a coci, kuma tun yana yaro bai san a ƙwanƙwasa ƙofa ba.

"Kashe shi."

"Ai a kashe yake. Hutu ake yi."

"Kar ki raina min hankali, Rinske. Ba za a nuna sauran ba."

"To ka gaya wa mai fim ɗin."

"Ke nake gaya wa. Ke kika buɗe mata ƙofa, ke kika buga takardar gayyata har da sunana a ciki!"

An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Na ce, "Yau da safe ta kawo min shi. Minti biyar na farko na gwada, na ga Heit yana fentin allo, na ce ya yi. Da na san da wannan ɗanyen aikin a ciki da a tasha zan tare ta in mayar da ita jirgi."

"Ga ni, ba sai kin je tasha ba."

Marrit ce tsaye a bakin ƙofa tana haki, da baƙar rigarta ta mutanen fim.

Douwe ya juya kanta. "Sannu, 'yar birni. Kin ji daɗi? Mutum na kwance a kabarinsa shekara uku, kin tono shi kin ce wa gari yana da 'ya a waje."

"Ban ce ba. Tambaya na yi, amsar na rabi na biyu."

"Gobe Lahadi ni zan tsaya a ƙofar coci ina ba mutanen nan hannu. Da wane ido zan kalle su?"

"Da wanda kake kallonsu kullum, na raini."

"Marrit, zan ɓata miki rai."

"Ni ba saniyarka ba ce, ka sauke min murya."

Na shiga tsakaninsu, ba don rabon faɗa ba, don ni ma ina da nawa.

"Ke, tsaya. A ina kika samo faifan nan? Na san duk gwangwanin faifan fim da ke gidan nan, ban taɓa ganin wannan ba."

"Heit ya ba ni."

"Ƙarya kike."

"A asibiti, sati biyu kafin ya rasu. Ya ba ni mabuɗin wata akwati, ya kuma zauna gaban kyamarata ya yi magana. Shi ne rabi na biyu."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Shekara uku Heit na jinya, ni ke juya shi, ni ke aske masa gemu, ni ke tura kekensa zuwa bayan zaure don ya ji ƙarar na'ura. Wannan kuwa sai Kirsimeti ake ganin ƙeyarta, ta zo da furanni ta koma a jirgin yamma.

"Ke ya ba? Ni ina me?"

"Ya ce in ya ba ki ƙonawa za ki yi."

"Da ya yi gaskiya!"

"To kin gani."

Na duba agogon bango. Saura minti goma sha ɗaya. Dokar Heit ce, hutu minti goma sha biyar ne, ba ƙari ba ragi, kuma ba a taɓa tsayar da fim a rabi a gidan nan ba. Ranar da aka hawo aka gaya masa mahaifiyarsa ta cika, sai da ya kai fim ƙarshe ya kashe fitilu sannan ya tafi.

Sai muka ji sanda a matakala.

Ƙwas. Shiru. Ƙwas.

Matakalar nan hawa goma sha tara ce, kuma tun da aka yi wa Mem aikin ƙugu ba ta taka ko ta farko ba. Mu uku muka tsaya cak kamar an kama mu muna satar sukari.

Ta shigo, fuskarta fari fat, ta ce, "A rufe ƙofa."

Douwe ya rufe, ya jawo mata kujerata. "Mem ta zauna mana."

A wajenmu ba a ce wa uwa "ke" ko "ki". Ko tana gabanka, "Mem ta zauna" za ka ce.

Ba ta zauna ba. Sai ta zuba wa Marrit ido.

"Ya rantse min ya ƙona su."

"Bai ƙona ba."

"Na gani. Ni da gari duka mun gani."

Douwe ya dafe kai. "Tsaya. Wato Mem ta sani? Mem ta san yana da 'ya a waje, ta zauna tana dafa masa dankali shekara hamsin?"

"Rufe min baki a kan mahaifinka. Ko ƙafarsa ba ka kama ba."

"To yarinyar fa?"

"Ba 'yarsa ba ce."

"Ta wa ce?"

Ana jin fankar na'ura tana juyawa.

Marrit ta ce, "Mem ta faɗa musu da bakinta, ko ni in faɗa."

"Ke kin faɗi isasshe yau, mara kunya."

Ta dafa sandarta da hannu biyu, ta kalli bango.

"Tawa ce."

Douwe ne ya zauna a kujerar da ya jawo.

Ba ta yi kuka ba. Mem ba ta kuka, ko a jana'izar Heit gyara wa mutane kujeru take yi. Ta ba da labarin a bushe, kamar mai karanta jerin cefane.

"Shekarata goma sha tara. Mahaifina dattijon coci ne, kamar kai. Aka ce wa gari na tafi koyon aikin jinya, aka kai ni wani gida can nesa inda ake kai irina. Kwana uku aka bar min ita. Rana ta huɗu aka ba ni takarda da alƙalami."

"Uban fa?" in ji Douwe.

"Ya tafi aikin jirgin ruwa bai dawo ba, ba shi da amfani a maganar nan. Heit ɗinku na gaya masa tun kafin aure, na ce ya tafi in zai tafi. Bai tafi ba. Shekara biyar yana nema har ya gano ta a Groningen. Matar da ta ɗauke ta ta yarda ya riƙa zuwa ranar haihuwarta a matsayin mai ɗaukar hoto, faifai ɗaya nasu ɗaya namu. Sharaɗi ɗaya ta sa: kar in kuskura in taka titinsu."

Sai wani abu ya faɗo min.

"Litinin," na ce.

Ta ƙi kallona.

"Duk Litinin da safe, ranar da silima ke rufe, Mem ta kulle kanta a zaure ta ce shara take, ba ta son ƙafar yara. Mu muna waje a kan dakali muna jin sanyi. Ashe kallo ake yi."

"Minti uku ne kowane faifai," ta ce. "Bakwai gare ni. Tana shekara goma sha biyu suka tashi daga gidan, ba su bar adireshi ba."

Da a fim na ga wannan, da na yi hawaye. Amma uwata ce, kuma abin da na ji a ƙirjina ba tausayi ba ne.

Douwe ya ɗago, idonsa ja. "Gwano ba ya jin warin jikinsa. Lokacin da 'yata Ymkje ta haihu ba aure, wa ya ƙi zuwa coci ranar sa wa jaririn albarka? Wa ya mayar da kek ɗin da aka aiko? Yarinyar nan wata shida tana kuka tana cewa kakarta na ƙyamarta!"

"Ba ƙyama ba ce."

"To mece ce?"

"Na kasa kallonta riƙe da ɗanta a gaban jama'a, kowa na yi mata murmushi. Ita an bar mata nata."

"Shi ne Mem ta huce a kan 'yata?"

"Na ce maka na kasa."

Saura minti shida. A ƙasa mutane sun fara tashi ɗaya-ɗaya zuwa wurin kofi, amma kowa ya ɗauko kofinsa sai ya ɗaga kai ya kalli tagarmu.

Mem ta juyo kaina. Muryarta ta koma irin wadda na sani, ta ba da umarni.

"Rinske, ke ce babba, na'ura a hannunki take. Sauka ki ce musu ta lalace. A ba su kek kyauta su tafi gida."

Na yi dariya, ita ma dariyar ba daɗin ji.

"Ni ce babba?"

"Kar ki soma."

"Shekara hamsin da ɗaya ina jin wannan waƙar. Rinske ke ce babba, ki riƙe ƙannenki. Rinske ke ce babba, karatun Utrecht ya jira, Heit na buƙatar mai tikiti. Rinske ke ce babba, ina za ki bi wani namiji zuwa Kanada ki bar gida? Na zauna. Na tsufa a cikin akwatin tikiti saboda ni ce babba. Ashe ma riƙon ƙwarya nake yi!"

"Ki yi min wannan, daga baya ki zage ni."

"Ba za ta yi ba," in ji Marrit, "don tana ƙasa."

"Wa?"

"Layi na takwas, kujera ta goma sha ɗaya."

Sandar Mem ta zame, Douwe ya taro ta. Ta fizge hannunta.

"Kin kawo min ita garin nan? Cikin mutanen da nake gaisawa da su a kantin burodi?"

"Ba ni na fara nemo ta ba, ita ta nemo Mem. Wasiƙa huɗu ta rubuto cikin shekara tara. Ina suke?"

Mem ta kawar da kai, Marrit ta ci gaba.

"Ta ce min sau ɗaya za ta zo, ba za ta yi wa kowa magana ba, za ta zauna ta kalla. In an kai fim ɗin ƙarshe, to akwai wanda ya yarda da ita a gidan nan. In an tsayar a rabi ta ji amsarta, za ta ɗauki jakarta, ba za a sake jin ɗuriyarta ba."

"Wannan ai tarko ne!" in ji Douwe. "Kin ɗaure tsohuwa da igiya a gaban gari kina kiransa fim."

"Shekara uku ina roƙonta a ɓoye. Kai ina kake? Kana tatsar madara."

"Gara ni, ban taɓa cin abinci da asirin uwata ba."

Ni dai na bar su na koma taga.

Layi na takwas. Mace ce mai furfura, da koriyar rigar sanyi, ba ta tashi shan kofi ba. Ta zauna ƙyam, ta ɗora jakarta a cinya ta dafe da hannu biyu. Zaman Mem sak, ba inda ta baro ta.

Na tuna ta. Ni na sayar mata da tikiti. Ta tsaya tana kallon ɗan allon suna da ke maƙale a rigata har na ce mata, "Baiwar Allah, akwai mutane a bayanki."

Na juyo.

"Ya sunanta?"

Kowa ya kalli gefe.

"Da ku nake. Ya sunanta?"

"Waɗanda suka ɗauke ta ba su canza mata ba," in ji Marrit a hankali. Karon farko yau da na ga ta sunkuyar da kai.

"Ban tambaye ki tarihi ba."

"Rinske, kin san al'ada. 'Yar fari mace sunan wa take ci?"

Na sani mana. Kowa a nan ya sani. 'Yar fari sunan kakarta ta wajen uwa take ci, shi ya sa nake Rinske, sunan mahaifiyar Mem. Kuma kowa ya san ba a maimaita suna a ɗaki ɗaya sai in mai shi ya mutu. Ka je maƙabartarmu ka gani, duk inda ka ga ƙaramin dutse da babba masu suna ɗaya, to na farkon bai yi rai ba aka mayar wa na biyu.

Na tako har gaban Mem.

"Ke!"

Douwe ya miƙe. "Rinske, Mem ce fa."

"Na san ko wace ce. Ke nake tambaya. Kin binne yarinya da ranta, kika kwashe sunan kika jibga min?"

"Ban binne ta ba."

"To me kika yi?"

Ta ce, "An hana ni ganinta, an hana ni zancenta. Na ce ko sunan ne a bar min. In samu bakin kiransa safe da yamma ba wanda zai tambaye ni dalili."

Ta ɗauka wannan zai sanyaya min rai. Ni kuwa ji na yi kamar an watsa min tafasasshen ruwa.

"Wato duk kiran da kike yi daga bakin ƙofa, Rinske abinci ya sauka, Rinske sa hularki, ba ni kike kira ba."

"Ke ma 'yata ce."

"Ke ma! Ka ji ko, Douwe? Ni ce 'ke ma'."

Agogo ya cika. Hannuna da kansa ya kai ga ƙararrawa, sabo ne na shekara talatin. Ta kaɗa sau uku a ƙasa, mutane suka ajiye kofuna suna rige-rigen komawa kujera. Ban taɓa ganin sun zauna da wuri haka ba, 'yan gulma.

Douwe ya yi wuf zai zare wayar na'ura daga bango. Na bangaje shi da kafaɗa ya bugu da kantar gwangwanaye, suka zubo da ƙara.

"Ka taɓa min na'ura sai ka sauka matakalar nan da ka."

"Kin haukace?"

"Ƙila."

Mem ta kama hannun rigata. Tunda nake ba ta taɓa roƙona komai ba.

"Shekarata saba'in da biyar a garin nan ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa. Saura kaɗan in tafi. Ki bar ni in tafi da mutuncina."

"Ita fa ta ƙasa?"

"Ta saba rayuwa ba ni."

"Ni ma ashe haka."

"In kika danna abin nan, kar ki ƙara tako min gida."

Kar wani ya rubuto min cewa tausayin matar layi na takwas ne ya kama ni, ko dokar Heit na tuna. Ƙarya ne. So nake Mem ta ji rabin abin da nake ji, shi ke nan.

Na danna.

Fitilun zaure suka dushe. Fuskar Heit ta cika allo, a gadon asibiti, da gemun da ni na aske masa da safiyar ranar. Muryarsa ta fito ta kowace kusurwa, a shaƙe.

"Akke, ki yafe min, ban ƙona ba. Na yi miki ƙarya sau ɗaya a rayuwata, ga ta nan."

Akke sunan Mem ne. Ɗari da arba'in ɗin nan duk sun san haka.

Mem ta saki rigata. A take na yi nadama, amma fim ya riga ya tafi. Na leƙa taga don kar in kalli fuskarta.

Kujera ta goma sha ɗaya ba kowa.

"Marrit, ta tashi."

"Ba zai yiwu ba, ta ce za ta..."

Taku a matakala. Ba sauri, ba sanda. Muka tsaya muna ƙirgawa ba mu sani ba, har ta kai ta sha tara.

Ba ta ƙwanƙwasa ba. Ƙofar ta buɗe, ga koriyar rigar sanyi, ga jaka a hannu. Ta kalli Douwe, ta kalli Marrit, ta kalle ni, sannan idonta ya tsaya a kan tsohuwar da ke dafe da bango.

Mem ta buɗe baki.

"Rinske."

Shekara hamsin da ɗaya tana kiran sunan nan a kunnena, ban taɓa jin ta kira shi da wannan muryar ba.

Ni na amsa. Mem ko waiwayowa ba ta yi ba.